Maɗaci da Kwinin: Labarin Neman Magani a Jikin Itatuwa

Duk wanda ya saba yawo da ƙafa cikin ƙasar Zuru, ko ta wajen Dabai, ko Riba, ko Mahuta, in mai lura ne zai ga da wuya a sami babban maɗaci kusa da gari wanda ba a sassaƙi gindinsa ba. Wani tabon ya daɗe har ya warke ya yi tudu, wani kuwa sabo ne ja wur, ga sawun gatari nan a fili. Wannan ba ɓarnar yara ba ce, aikin masu jinya ne. Da damina ta yi nisa, dawa ta fara ɗaukar ciki, masassara ta shiga gidaje, sai ka ga magidanci ya saɓi gatari ya nufi gindin maɗaci. Ya ɗebo sassaƙe, a jiƙa a ƙwarya ko a dafa a tukunya, a miƙa wa mai ciwo ya runtse ido ya kwankwaɗa. Badakkare da Bahaushe da Bafillace duk sun yi tarayya cikin wannan al'ada.

In ka tambayi tsohuwa dalili, sai ta ce maka ai ɗacin ne ke korar zazzaɓi. To, wannan magana ita mu ke so mu bi diddiginta, gama masana sun fi shekara 170 suna binciken maɗaci da 'yan'uwansa, abin da suka gano kuwa ya gaskata tsohuwa ta wani gefe, ya ƙaryata ta ta wani. Amma ba za a gane labarin maɗaci ba sai an fara da na wani itace wanda ba ya tsirowa a dazuzzukanmu, ga shi kuwa ya juya tarihin ƙasarmu.

Sunan itacen nan sinkona. Asalinsa kan duwatsun Andes ne a Amurka ta Kudu, inda ƙasashen Peru da Ekwado da Bolibiya su ke yanzu. Tsakanin 1630 da 1640 wasu limaman Kirista da ke zaune a birnin Lima suka san garin ɓawonsa yana kwantar da masassarar nan mai zuwa tana komawa, suka riƙa aikawa da shi Turai. Shekara kusan ɗari biyu Turawa suna shansa kamar yadda mu ke shan maɗaci, watau a daka ɓawo a dama a sha. Wani ya warke, wani bai warke ba, domin itacen iri-iri ne, wani ɓawon da ƙarfi, wani kuwa holoƙo, ga kuma 'yan kasuwa masu algus suna cuɗa shi da ɓawon wasu itatuwa masu ɗaci. Sai a 1820 wasu Faransawa biyu masu ilmin haɗa magunguna a birnin Paris, Pelletier da Caventou, suka tace ɓawon, suka ware ainihin abin da ke aikin daga cikin tarkace. Irin wannan abu da a ke warewa shi a ke kira sinadari. Suka sa wa nasu suna kwinin. Daga ran nan likita ya sami abin da zai ɗora bisa ma'auni, ya san abin da ya ishi babba, da abin da ya ishi yaro, da kuma iyakar da in an ƙetare ta kunne zai toshe, ido ya dushe. Mai karatu ya riƙe sunan nan Caventou, za mu sake gamuwa da shi.

Abin mamaki, duk wannan an yi shi tun ba a san abin da ke kawo cutar ba. Turawa a lokacin cewa su ke yi mugun tururin fadama ne. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya duba jinin mai masassara da madubin likita, ya ga wasu 'yan halittu suna motsi a ciki. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano su cikin tumbin sauro a Indiya. Sa'an nan aka fahimci aikin kwinin: shiga jini ya ke yi ya kashe ƙwayar cutar a inda ta ɓuya, watau cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ɗacinsa iyakarsa harshe.

Yanzu bari mu ga yadda ya shafe mu. A da Turawa suna kiran Afirka ta Yamma kabarin Bature, ba kuwa a banza ba. Clapperton ya iso Sakkwato lafiya, amma ciwo ya kayar da shi, ya mutu a can cikin 1827. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya sauke shi, shi kansa mai sha'awar ilmin magani ne, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan ciwon ido da basur da amfanin filasko. A 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, da Turawa 145 a ciki. Kafin 'yan watanni kusan dukansu sun kwanta, fiye da 40 sun mutu, sauran suka juya da baya. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1854, wani likita mai suna Baikie ya ja jirgi guda, sunansa Pleiad, ya hau Kwara ya shiga Binuwai, ya wuce inda wani Bature ya taɓa kai wa. Turawa goma sha biyu ke ciki, ya tilasta wa kowa shan kwinin kullum tun ciwo bai zo ba. Suka yi kusan wata huɗu cikin kogi, suka komo ba wanda ya mutu. Wannan Baikie shi ne ya zauna a Lakwaja daga baya, har ya koyi Hausa. A ganina masu ba da labarin zuwan Turawa sukan cika maganar igwa da bindiga mai ruwa, su manta da kwalbar kwinin. Sojan da suka ci Kwantagora a 1901, suka ci Sakkwato a 1903, hafsoshinsu da kwinin cikin akwati suka zo. Da babu shi, da sauro ya tsare mana bakin kogi shekaru masu yawa.

Su kuwa masu itacen ba su ci ribarsa ba. Da bukata ta yi yawa aka dinga sare sinkona a dawa har ya tasam ma ƙarewa. Wani Baturen Ingila ɗan kasuwa, Charles Ledger, yana da bara mutumin Bolibiya, Manuel Incra Mamani, wanda ya san itacen kamar yunwar cikinsa, yana iya bambanta mai ƙarfi da marar ƙarfi da ido. Shi ya yi shekaru yana jiran irin da ya fi kowane kyau ya yi 'ya'ya, ya tara, ya kawo wa ubangidansa a 1865. Mutanen Holan suka sayi kaɗan daga irin nan suka shuka a tsibirin Jawa, kafin a jima kusan dukan kwinin na duniya daga gonakinsu ya ke fitowa. Mamani kuwa hukumar ƙasarsa ta kama shi saboda fitar da iri, aka yi masa dūka a kurkuku, ya mutu a 1871. Irin itacen da ya zaɓo, sunan Ledger aka laƙaba masa.

Tun da ya ke kwinin yana da tsada, kowace daular Turawa sai ta shiga dube-dube cikin ƙasashen da ke hannunta ko za ta sami madadinsa. A nan ne maɗaci ya shigo. Faransawa suka tarar mutanen Senegal suna shan sassaƙensa don zazzaɓi, daidai yadda a ke yi a ƙasarmu, har suka riƙa kiransa sinkonan Senegal. A 1849 aka bincike ɓawon a Paris, mai binciken kuwa Eugène Caventou ne, ɗan wancan da ya fid da kwinin. Kowa na tsammani ɗa zai maimaita abin da uba ya yi. Ya tace, ya sami wani abu mai tsananin ɗaci, amma ba kwinin ba ne, ba kuma danginsa ba ne. Ashe ɗaci ɗaya, asali dabam. Maɗaci bai sami shiga kantin magani ba, ya ci gaba da zamansa a hannun talakawa.

Mutumin da ya fi kowa tattara abin da Hausawa suka sani game da itatuwansu shi ma likita ne, J. M. Dalziel, ɗan Sikotlan. Ya zo aikin Gwamnati a Nijeriya ta Arewa a 1905, ya yi zama a wurare da dama, har da Lardin Kwantagora, wanda ƙasar Zuru ke cikinsa a zamanin nan. In ya tashi daga asibiti sai ya shiga daji yana tsinkar ganye yana tambayar manoma da mahauta da masu magani sunansa da amfaninsa. A 1916 ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, a 1937 kuma ya fid da babban littafi a kan tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau ɗalibin jami'a in zai binciki wani itace, da wuya bai leƙa abin da Dalziel ya rubuta ba. Sai dai mu tuna, ilmin na waɗanda ya tambaya ne, shi nasa rubutu da tsari. Darajar rubutu ke nan: sunan mai alƙalami ya tsaya, na masu baki ya bi iska.

Akwai wani itace da yaran yanzu ke tsammani tun fil azal ya ke tare da mu, alhali kuwa baƙo ne. Shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, wasu bedi, wasu maina. Asalinsa Indiya da Bama. Ta Gwalkwas ya biyo, aka kawo shi Barno a 1928, daga nan ma'aikatan gandun daji na En'e suka baza shi a bakin hanyoyi da kasuwanni da makarantu don inuwa da itacen wuta. Ba don magani aka kawo shi ba. Amma da mata suka ɗanɗana ganyen suka ji ɗaci, nan da nan suka sa shi cikin tukunya tare da ganyen gwanda da na mangwaro, a sha, a yi surace. Cikin shekaru kaɗan baƙo ya kusa ƙwace sarautar maɗaci. Mutanen Indiya kuwa dā ma sun yi dubban shekaru suna magani da shi.

Yaƙin duniya na biyu shi ya karya mulkin kwinin. A 1942 Japan ta kama Jawa, gonakin sinkona suka faɗa hannunta. Ingila da Amurka suka rasa, dole suka koma ga wata ƙwaya rawaya da aka haɗa a ma'aikata, sunanta mefakirin. 'Ya'yan ƙasar Zuru, waɗanda aka san su da aikin soja tun farkon zuwan Turawa, suna cikin rundunonin Afirka ta Yamma da aka kai Bama tsakanin 1943 da 1945, a can kuwa dokar soja ce kowa ya haɗiyi ƙwayar nan kullum, gama zazzaɓi ya fi harsashi kwantar da mutane. Bayan yaƙi sai kulorokwin ya fito, wanda wani Bajamushe ya haɗa tun 1934, gininsa kuwa ya ɗauko kama da na kwinin. Ga araha, ga saurin aiki. Kowace disfensare ta cika da shi, har mutane suka ɗauka an gama da zancen itatuwa.

Ba a gama ba. Ƙwayar cuta mai rai ce, takan saba da abin da a ke kashe ta da shi. Mun ga irin wannan a kusa da gida: a 1954 aka fara feshin maganin sauro a ƙauyukan Birnin Kebbi, shekara guda tak aka sami sauro a Ambursa wanda ɗaya daga magungunan feshin ba ya kashe shi. Haka kulorokwin ya yi ta rasa ƙarfi, aka fara ganin haka a Afirka ta Gabas a 1978, kafin 1990 abin ya iso Nijeriya. Sai masana suka waiwayi daji.

A lokacin nan an riga an yi wani aiki a Badun. Masana na Kwalejin Jami'a ta can sun ɗauki dangin maɗaci gaba ɗaya suna tacewa, domin maɗaci da dogon yaro da wasu manyan itatuwan katako na kurmi duk gida ɗaya ne. A 1960 suka ba da labarin wani sinadari da suka samu cikin katakon wani itacen kurmi da a ke kira gedu noho, saboda haka suka sa masa suna gedunin. Suka sami 'yan'uwansa da yawa cikin ɓawon maɗaci da 'ya'yansa, su ne masu ɗacin nan da Caventou ƙarami ya gamu da shi. A 1976 wasu masana a Amurka suka gano dabarar kiwon ƙwayar zazzaɓi cikin 'yar tasa, ana ba ta jinin mutum tana hayayyafa. Wannan ya sauƙaƙa gwaji ƙwarai, gama yanzu sai a ɗiga ruwan itace a tasa a ƙidaya ƙwayoyin da suka mutu. A 1989 wani masani ɗan Sudan, Sami Khalid, da abokan aikinsa suka nuna akwai gedunin cikin dogon yaro, yana kuwa kashe ƙwayar zazzaɓi a tasa. To, ka ga tsohuwa ta yi gaskiya, tukunyarta ba ruwan banza ba ne.

Amma tasa ba jikin mutum ba ce. Abin da aka sha sai ya ratsa hanji, ya tsira daga hanta wadda aikinta ke nan rushe baƙon abu, sa'an nan ya isa jini da yawan da zai yi kisa, ya kuma daɗe a can kwana da kwanaki. Da aka gwada gedunin a jikin ɓeraye, ya rage cutar amma bai kawar da ita ba. Ga kuma matsalar da ta dami sinkona kafin 1820: ganyen wannan itace da na wancan ba ƙarfinsu ɗaya ba, na rani dabam, na damina dabam, mai dafawa kuwa ba ta da hanyar sani. Wani abin kuma, jiƙo yana iya saukar da zafin jiki ba tare da ya taɓa ƙwayar ba, babban mutum da ya sha cizon sauro tun yana goye jikinsa ya riga ya koyi faɗa da ita, sai ya miƙe, a ce magani ya ci. Yaro ɗan shekara biyu ba shi da wannan garkuwa. Kuma ba a ce tun da itace ne ba ya cutarwa: likitoci a Indiya da Malesiya sun ba da labarin jarirai da aka ɗura wa man dogon yaro suka kama jijjiga da suma.

Ta wajen cututtukan da bakteriya ke kawowa, watau ƙananan ƙwayoyin nan masu sa gyambo ya yi mugunya, ko ciki ya ɓaci, ko haƙori ya ruɓe, itatuwanmu sun fi yin abin kirki, dalilin kuwa majema sun daɗe da saninsa. Fatar akuya in an bar ta ruɓewa ta ke yi. In an tsoma ta cikin ruwan bagaruwa sai ta zama kirgi, ta shekara ashirin ba ta yi wari ba. Abin da ke cikin bagaruwa mai sa baki ya yi bauri shi a ke kira tanin, aikinsa ya kama nama ya ɗaure shi tamau. Yadda ya ke kama fata, haka ya ke kama jikin bakteriya. Shi ya sa garin bagaruwa ke busar da miki, ruwanta kuma a kurkure baki da shi. Marke ma cike ya ke da tanin, ga wani sinadari a ɓawonsa mai suna elajik wanda shi ma an ga yana kashe ƙwayar zazzaɓi a tasa. Saiwar itacen asuwaki da alhazai ke kawowa tsaraba tana da wani mai yaji-yaji mai kashe ƙwayoyin da ke ɓata dasashi. Yadda a ke gwada su a jami'o'inmu na Zariya da Sakkwato da Kano ba shi da wuyar ganewa. A shuka bakteriya bisa tasa, a ɗiga ruwan itace a tsakiya, a rufe a bari ya kwana cikin ɗumi. Da safe in an ga fili kewaye da ɗigon, inda ba abin da ya tsiro, to itacen ya yi aiki, a auna faɗin filin a rubuta. Sabara da marke da bagaruwa duk sun sha cin wannan jarrabawa. Sai dai ƙarfinsu a waje ya ke, kan fata da cikin baki da hanji, inda su ke taɓa ƙwayar kai tsaye. In cuta ta shiga jini ko huhu, tanin ba ya bin ta can.

Wani itace da ya shiga asibiti sosai don yaƙi da bakteriya shi ne calmugura na Indiya da Bama, wanda a ke matsar mai daga 'ya'yansa don kuturta. Man yana da kauri, ciki ba ya riƙe shi. Wata yarinya baƙar fata 'yar Amurka, Alice Ball, ita ta gano yadda za a sarrafa shi ya yi allura, a tsibirin Hawai wajen 1915, ta rasu a 1916 tana da shekara 24. Da allurar nan aka yi ta jinyar kutare a Nijeriya, mai zafi ce ƙwarai, warkewa kuwa sai wanda ya yi sa'a. Wajen 1950 Likita John Lowe a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, ya nuna ƙwayar dafson mai araha ta fi ta nesa, aka bar man.

Binciken itatuwa yana da tarko, ga misali. Kowa ya san tafashiya, mai son bakin rafi, wadda a ke shan saiwarta don zazzaɓi da shawara da ciwon ciki. A 2013 wasu masana na Faransa suka ba da sanarwa wai sun sami taramadol cikin saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, watau ƙwayar nan ta kashe zafin ciwo da wani kamfanin Jamus ya haɗa tun 1962, wadda ta lalata mana samari. Duniya ta ɗauka, aka ce ashe itace ya riga Bature. Shekara ta kewayo, a 2014, wasu masanan daga Jamus suka koma wurin, suka auna ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu itatuwa na kusa, suka tarar duk akwai taramadol. Suka bincika, ashe manoman wurin suna sha, suna kuma ba shanun noma don su jure aiki cikin rana. Shanu su kwanta a inuwa su yi fitsari, saiwa ta tsotse. Tafashiyar da aka haƙo a kudu, inda ba a wannan al'ada, ba a sami kome cikinta ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma sai an sake gwada shi.

Wanda ya gaji kwinin daga ƙarshe ba itace ba ne, ɗan ganye ne, ba kuma daga nan ya fito ba. A 1969 Gwamnatin Sin ta ɗora wa wata mata, Tu Youyou, aikin bin tsofaffin littattafan magani na ƙasarsu. Ita da mutanenta suka gwada ɗaruruwan tsire-tsire. Wani ganye mai ƙanshi, ɗan'uwan tazargaden da a ke sayarwa a kasuwanninmu, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Sai ta koma ga wani littafi da aka rubuta shekara 1,600 da suka wuce, ta lura mai littafin jiƙawa ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Ta gane wuta ce ke ɓata shi. Ta tace shi ba da zafi mai yawa ba a 1971, ya kashe cutar sarai a jikin ɓeraye da birai, ta fara sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. Sinadarin shi ne atemisinin. A 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma ga ƙwayoyin da a ke haɗa shi da wani magani a ciki, a 2011 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurarsa ta fi ta kwinin ceton yara masu zazzaɓi mai tsanani. Aka ba matar kyautar Nobel a 2015. Abin da ya ba ni sha'awa cikin labarinta, ba ta raina maganar tsofaffi ba, ba ta kuma haɗiye ta ɗanya ba. Hukumar nan dai ta hana a dogara ga jiƙon ganyen, don abin da ke cikin ƙoƙo ba ya isa ya kashe ƙwayar duka, wadda ta tsira kuwa ita ce za ta haifi masu taurin kai.

Mu a Jihar Kebbi wannan ba hira ba ce. A binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2021, cikin yara ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar da aka duba jininsu a jiharmu, 49 suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, ba jihar da ta kai mu. Uwar da ta kwana uku tana ɗura wa yaro jiƙo kafin ta kai shi a duba jininsa, da ransa ta ke caca. Amma kuma ba na tare da masu cewa a watsar da sanin tsofaffi. Masu maganin da suka san wace saiwa a ke haƙa da wane wata suna ta ƙarewa, maɗaci kuwa ga mai gatari, ga mai zarto, ga makiyayi yana sassabe reshe don shanu da bazara, marke kuma yana tafiya birni cikin buhunan gawayi. Itacen da aka kewaye gindinsa da sassaƙa mutuwa ya ke yi a tsaye, domin ta cikin ɓawo abincinsa ke bi. Tun 2020 Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama jami'a, ga kuma tsofaffi a ƙauyuka da sauran bakin magana. Aikin da Dalziel ya yi wa sunayen Hausa yana jiran mai yi wa na Dakarci da na Fakkanci da na Kambarci, a wannan karon tare da sunan wanda ya faɗa.

A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, jihohi biyu aka zaɓa a fara da su, Kebbi da Bayelsa. Masana na Jami'ar Oxford suka ƙirƙiro ta, a Indiya a ke yin ta. Cikin kowace kwalba akwai wani abu da a ke ƙarawa don ya farkar da jiki ya kama faɗa da cutar sosai, wannan abu kuwa daga ɓawon itace a ke tace shi. Itacen a ƙasar Chile ya ke, a gindin duwatsun Andes ɗin nan da suka ba da sinkona. Sunansa kilaya. Mutanen can tun dā sukan daka ɓawonsa su kaɗa a ruwa ya yi kumfa su yi wanki, kamar yadda kakanninmu ke yi da sassaƙen aduwa, abin da ke kumfar nan kuwa shi ne a ke nema. Sau huɗu a ke yi wa yaro allurar: yana da wata biyar, da wata shida, da wata bakwai, ta ƙarshe kuma in ya cika wata goma sha biyar.